Asali da Ma'anar Kalmar Ƙa'ida

1.0 Gabatarwa

Ɗaliban fassara sukan ɗauki ƙa'ida da doka a matsayin abu ɗaya, har su sa wannan a gurbin waccan. Bin tarihin kalmar ƙa'ida zai nuna inda suka rabu.

2.0 Asalinta a Larabci

Ƙa'ida ararriyar kalma ce daga Larabci. Saiwarta ita ce aikatau "ƙa'ada", wato ya zauna. Daga saiwar nan aka sami sunan Zulƙida, wata na 11 a shekarar Musulunci, domin a cikinsa Larabawa kan ajiye makamai su zauna gida.

Ma'anarta ta farko ita ce harsashin da gini yake zaune a kansa. Da wannan ma'ana jam'inta, "ƙawa'id", ya zo a aya ta 127 ta Suratul Baƙara, wurin labarin harsashin Ka'aba da Annabi Ibrahim da Annabi Isma'ila suka ɗaga. Daga baya malaman nahawu da na fiƙihu suka ari kalmar, suka laƙaba ta ga hukunci gama-gari da ake ɗora ƙananan mas'aloli a kansa, kamar yadda ake ɗora bango a kan harsashi.

3.0 Shigowarta Hausa

A shekarar 1947 Joseph Greenberg ya kasa kalmomin Larabci da ke cikin Hausa gida biyu: waɗanda suka shigo tun da daɗewa ta bakin jama'a, da waɗanda suka biyo baya ta hanyar karatun littattafai. Surar ƙa'ida tana nuna 'yar gida na biyu ce. A kalmar laifi, wadda ta fito daga "al-aib", harafin aini ya ɓace, kuma "l" ta farkon kalmar Larabci ta manne mata. Ƙa'ida kuwa ba ta ɗauko "al" ba, gurbin aininta ma yana nan, shi ne hamzar da ake rubutawa a tsakiyarta. Irin wannan kiyaye lafazi aikin malamai ne.

Duk da haka kalmar ta zama 'yar gida. Hausawa ba su ɗauko jam'inta na Larabci ba, sai suka yi mata nasu, irin na hanya da hanyoyi. Ana cewa ƙa'idodi, ana kuma cewa ƙa'idoji, inda "d" ta koma "j" kamar a gida da gidaje.

4.0 Faɗaɗar ma'ana

Da zuwan boko kalmar ta fita daga zauren malamai ta shiga ofis da aji. Akwai ƙa'idojin aiki, da na zaɓe, da na wasa. Abin da aka daidaita game da rubutun Hausa a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 shi ma ƙa'idojin rubutu ake kiransa. A maganar yau da kullum kuma akan ce an kori wane ba bisa ƙa'ida ba, ko gishirin miya ya wuce ƙa'ida. A misali na biyu ma'anar ta koma gwargwado ke nan.

5.0 Kammalawa

Doka hukuma ce ke kafa ta, wanda ya karya ta kuma ya gamu da hukunci. Ƙa'ida har yanzu tana riƙe da ma'anar harsashi: idan aka saɓa mata, aikin ne yake rushewa. Ɗalibin da ya rubuta kasa a wurin ƙasa ba za a kai shi gaban alƙali ba, amma ma'anar jimlarsa ta ɓaci. Saboda haka kafin mai fassara ya zaɓi ɗaya daga cikin kalmomin biyu, sai ya duba abin da ke biyo bayan saɓawa: horo ne, ko lalacewar aiki.