KABARI KO WUTA?

'Yan'uwana mata, wadda duk ta saba kallon fim ɗin Indiya ta san ƙona gawa al'adarsu ce. To amma ko kun san yau a Ingila, cikin mamata huɗu, fiye da uku ƙona su ake yi? Ƙasar da kakanninta Kiristoci suka yi shekara fiye da dubu ba sa ko son jin zancen.

Tun fil'azal Kirista binne gawarsa yake yi. Sun gaji abin daga Yahudawa, kuma a imaninsu an sa Yesu Almasihu a kabari ya tashi, don haka jiki abin girmamawa ne mai jiran ranar tashi. Rumawa kuwa a wancan zamani da yawansu ƙonawa suke yi, suka kuma gane inda abin yake yi wa Kiristoci ciwo. A shekara ta 177, a birnin Liyon na ƙasar Faransa ta yanzu, aka kashe wasu Kiristoci saboda addininsu, cikinsu har da wata baiwa mai suna Balandina, wadda aka ƙunshe cikin raga aka jefa wa bijimi. Allah Sarki! Kisan bai ishe su ba. Kwana shida gawarwakin na yashe, sojoji na gadi don kada 'yan'uwa su sace su binne, sannan aka cinna musu wuta aka share tokar cikin kogin Ron, wai a gani ko za su tashi.

Malaman coci ba su yarda wuta na hana tashi ba. Agustin, babban malaminsu ɗan Arewacin Afirka, ya bayyana cewa wanda ya halicci jiki ba zai kasa tattaro shi ba, kuma hidimar jana'iza ta fi zama lallashi ga masu rai. Ni dai wannan magana ta kwanta min, don duk wadda ta taɓa zaman makoki ta san haka. Duk da haka ƙyamar ba ta gushe ba, har ta zama doka. Wajen shekara ta 785 Sarki Sharlaman ya yanke hukuncin kisa kan duk mutumin Saksoni da ya ƙona gawa irin ta maguzawan da.

Abin mamakin kuma, sai wutar ta koma bulalar hukunci a hannunsu su ma. Malamin nan na Ingila, Jon Wikilif, ya mutu a 1384, amma da aka yanke masa hukuncin bidi'a sai aka tono ƙasusuwansa a 1428 aka ƙona, aka watsa tokar a rafi. Tirƙashi! Shekara arba'in da huɗu mutum na kwance.

Canji ya zo ne da birane suka cika, makabartu suka cushe, likitoci suka fara kukan cuta. A 1874 aka kafa ƙungiyar masu son ƙona gawa a Ingila, a 1876 aka buɗe gidan ƙonawa a Milan ta Italiya. Sai kuma wani tsohon likita ɗan Wels, William Price, ya yi yunƙurin ƙona gawar jaririnsa a kan tudu a 1884. Jama'a suka yi masa ca, aka kai shi kotu, alƙali ya ce babu dokar da ta hana. Da shekara ta zagayo aka fara ƙonawa a garin Wokin, kuma gawar farko ta mace ce.

'Yan Furotesta suka karɓa sannu a hankali. Ɗarikar Katolika kuwa ta ƙi, don wasu daga cikin masu yaɗa abin da gayya suke yi, don su ƙaryata tashin matattu. A 1886 ta haramta, dokokinta na 1917 suka ce wanda ya bar wasiyyar a ƙona shi ba za a yi masa jana'izar coci ba. Ku duba halin matar da mijinta ya bar irin wannan wasiyya: ta saɓa wa miji, ko ta rasa addu'ar limami? Sai a 1963, zamanin Paparoma Paul na Shida, aka sassauta, da sharaɗin ba don musun addini aka yi ba, kuma har yau binnewa suka fi so. A 2016 fadar Batikan ta ƙara da cewa ba a watsa toka a ruwa ko iska, ba a mai da ita abin wuya, sai dai a ajiye a wuri mai tsarki. A 2023 aka ɗan buɗe ƙofa, iyali na iya neman izinin riƙe 'yar kaɗan.

Cocin Otodoks kam har gobe ba ta yarda ba. A Girka gwamnati ta halatta tun 2006, amma gidan ƙonawa na farko bai buɗe ba sai 2019. Kafin nan, iyalin da suka nace sai dai su ɗauki gawarsu a mota su tsallaka da ita Bulgeriya.