Gamba, Bik da Biro: Tarihin Alƙalami a Ƙasar Garwa

Tun kafin Jamusawa su ci Garwa a 1901, malaman Adamawa da alƙalamin gamba suke rubutu. Da wuƙa ake fiƙe shi, a tsaga bakinsa, a tsoma cikin tawadar gawayi da ƙaro.

Alƙalami mai shan tawada, irin wanda Waterman ya yi wa rajista a Amurka a 1884, ya biyo Turawan mulki da akawunansu ne. Bai iya korar gamba ba. Dalili kuwa, ƙaron tawadar malamai yakan bushe ya toshe shi, sai an jiƙa bakinsa a ruwa an ɗauraye kafin ya sake rubutu. Tawadarsa ta kwalba kuma, ga tsada ga rina itace, alhali almajiri kullum sai ya wanke allonsa.

Wanda ya ture shi daga ofis da makarantar boko shi ne Bic na Faransa, da ya fito a 1950. Shi ya sa a Mayo-Oulo ake cewa bik, a Mubi kuwa, ƙetaren iyaka, biro, daga sunan Bíró, mutumin Hangari da ya ƙirƙiro shi.