Mu da Muke Tsaye a Bakin Ƙofar Jirgi

Ranar da na gaya wa mahaifina a gidanmu na Daura cewa na samu aiki a jirgin sama, abin da ya fara tambaya shi ne ko tuƙi zan yi. Na ce a'a, Baba, a cikin jirgin zan riƙa kula da fasinjoji. Ya yi shiru, can ya ce, "To, boyi ke nan." Ban ga laifinsa ba, domin abin da ido ke gani ke nan: mutum cikin kaya masu guga yana tura keken shayi. Ba ya ganin lasisin da ke aljihuna, wanda sai na koyi kashe gobara, da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, da fitar da jama'ar jirgi kaf cikin daƙiƙa casa'in ta rabin ƙofofinsa, kafin hukuma ta ba ni shi. Doka ta ce kowane kujeru hamsin sai da ɗayanmu, in babu mu jirgi ba ya tashi. Saboda tsaron rai aka ajiye mu, shayin kuwa ƙari ne.

A Kano aikin ya fara shigo mana Arewa. Can jirgi ya fara sauka a 1925, kuma daga 1936 filin ya zama zangon jiragen fasinja. Bayan kamfanin haɗin gwiwa na Yammacin Afirka, WAAC, sai aka kafa Nigeria Airways a 1958, aka buɗe kwalejin koyon aikin jirgi ta Zariya a 1964. Ni ban yi aiki a Nigeria Airways ba, amma tsofaffin ma'aikatansa ne suka koya mini komai, tun daga yadda ake duba ƙofa har yadda ake yi wa fasinja mai fushi magana. In suna ba da labarin jirgin nan mai tambarin giwa da fukafukai, suna ambaton London da New York da Jidda, ba tafiyar ce ta fi ba ni sha'awa ba. Takardar ɗaukar aiki ce, mai ɗauke da matakin albashi da hutun shekara da asibiti da fansho. Kuma suna da ƙungiya. Lokacin da gwamnatin soja ta sake fasalin ƙungiyoyin ƙwadago a 1978, ma'aikatan sufurin sama suka haɗu a ƙarƙashin NUATE. Manyan ma'aikata suna da ATSSSAN, matuƙa da injiniyoyi kuma NAAPE. Ma'aikacin da aka zalunta yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ga ɗan Arewa, zuciyar wannan aiki ita ce jigilar alhazai. Mutanenmu na Daura da Mai'adua da Zango da Sandamu da Ɓaure a da ta Kano suke tashi, kafin filin Katsina ya soma ɗaukarsu. Yawancinsu ranar ce farkon shigarsu jirgi. Tsohuwa za ta riƙe hannunka gam lokacin tashi tana salati, kai kuma kana cewa, "Hajiya, kwantar da hankalinki, ƙarar injin ce." Dattijo zai miƙe da butarsa zai yi alwala a banɗaki, sai ka lallaɓa shi ka nuna masa ruwa a ƙasan jirgi haɗari ne. Kai ne mai ɗaura wa mutum ɗari bel ɗaya bayan ɗaya, kai ne mai sanar da an kusa miƙati, kai ne tafinta tsakanin kyaftin Bature da mutumin da Hausa ko Fulatanci kaɗai yake ji. Nan na gane cewa sanarwar tsaro da aka yi da Turanci ga wanda ba ya jin Turanci, kamar ba a yi ta ba ne. Ban taɓa jin amfanin kaina kamar a waɗannan tafiye-tafiye ba.

Amma lokacin Hajji ne kuma gaggawa take cin hankali. Ana son kwashe dubban mutane cikin 'yan makonni, jirgi ya sauke ya juyo, sansani cike da masu jira. Babu ɗayanmu da bai san ranar 22 ga Janairu 1973 ba, da jirgin alhazai ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 11 ga Yuli 1991. Jirgin haya ne na wani kamfanin Kanada, Nationair, ya taso daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Bincike ya nuna wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka, amma aka sallame shi don kada a makara. Tayoyin suka fashe wajen tashi, wuta ta kama, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu, 14 daga cikinsu ma'aikatan jirgin ne. Allah ya jiƙansu. Tun daga nan nake ganin babban makamin tsaro a wannan sana'a shi ne ma'aikacin da zai iya cewa "ba za mu tashi haka ba", ya kuma wayi gari aikinsa na nan.

Kamfanoni masu zaman kansu sun buɗe wa 'yan Arewa ƙofa, wannan gaskiya ce. Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya fara tun farkon shekarun 1980, daga baya Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal ya biyo. Nigeria Airways kuwa ya yi ta ramewa, daga jirage wajen talatin har ya koma 'yan ƙalilan, ya daina tashi a 2003. Ma'aikatansa kusan dubu shida suka shiga jiran haƙƙinsu. Gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta biya wani kaso, sai a 2018 Muhammadu Buhari, ɗan garinmu, ya amince aka fitar da naira biliyan 22.68, rabin abin da aka yarda za a biya, lokacin Hadi Sirika ne ƙaramin ministan sufurin jiragen sama. Na je Kano na ga malamaina a layin tantancewa, wasu da sanda, wasu kuma matansu ne suka zo da takardar shaidar mutuwa. Shekara goma sha biyar ƙungiyoyin nan suna bin maganar. Da ba su bi ba, da ta bi ruwa.

Ni na ɗanɗana rashin ƙungiya. Na taɓa aiki da wani ƙaramin kamfani mai hedikwata a Legas, wanda ya daɗe da rufewa. Kwantiragin wata uku suke ba mu, su sabunta in sun ga dama. Albashi ya tsaya wata huɗu, alawus ɗin kwana a waje ya zama sai an roƙa. Wata abokiyar aikinmu ta ɓoye cikinta har ya fito, don ta san ranar da ta faɗa ranar aikinta zai ƙare. Mu bakwai muka cike takardar shiga ƙungiya, kafin wata ya ƙare sunayenmu sun ɓace daga jadawalin tashi. Babu takardar kora, kira ne kawai ya daina zuwa. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba mu 'yancin shiga ƙungiya, amma ba mu da kuɗin lauya.

Ƙungiyoyin su ma suna da nasu laifin, kuma ina faɗa ne a matsayin mai biyan kuɗin wata. Ƙarfinsu ya taru a hukumomin gwamnati irin su FAAN da NAMA da NCAA. Yajin aikin gargaɗi na kwana biyu da aka yi a Afrilun 2023 kan ma'aikatan waɗannan hukumomi ne. Yarinyar da ke tashi sau huɗu a rana tsakanin Legas da Abuja da Kano, ko saurayin da ake ɗauka don Hajji a sallame shi bayan jirgin ƙarshe, ba kasafai ake jin sunansu a taro ba. A 2020, da korona ta rufe filaye aka hana mahajjatan waje zuwa Saudiyya, irinsu ne aka fara turawa gida.

Yanzu akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, kuma matasa kan tare ni a kasuwa ko bayan sallar Juma'a suna tambayar yadda ake shiga. Ina ce musu su shiga, maza da mata, domin alhazanmu suna buƙatar mai jin harshensu a bakin ƙofa. Iyaye, ku bar su su nema, aikin mutunci ne. Ku kuma 'ya'yana, kada ku sa hannu a takardar da ba ta faɗi awannin aiki da na hutu ba, ku riƙe kwafinku, kuma ranar da kuka karɓi lasisi ku nemi ofishin ƙungiya ku rubuta sunanku.