Shayin Ƙarfe Huɗu: Daga Falon Ingila Zuwa Teburin Mai Shayi

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san sin ɗin nan: Alhaji na kishingiɗe a falo, Hajiya ta shigo da tire ɗauke da filas, kofuna da gwangwanin Bournvita. Da zarar darakta na son nuna mana gidan masu hali ne, sai a haɗa shayi. Jarumi ya yi ta kaɗa cokali ƙwal-ƙwal-ƙwal, ya ɗaga ƙaramin yatsa sama, shi ala dole Bature. To, a wajen Turawan da ake kwaikwayo, duka biyun abin kunya ne.

Shayi ya samu gindin zama a fadar Ingila bayan 1662, shekarar da Sarki Charles na Biyu ya auri Catherine, 'yar sarkin Fotugal, wadda ta taso da shan sa tun a gidan su. Amma shayin la'asar sai wajen 1840 ya fito. A lokacin manyan gari ba sa cin abincin dare sai kusan ƙarfe takwas. Anna, matar basaraken Bedford kuma ta hannun daman Sarauniya Biktoriya, ta gaji da yunwar yamma, ta sa a riƙa kawo mata shayi da burodi ɗaki. Daga baya ta soma gayyato ƙawaye, abu ya zama yayi.

Nan ladubba suka biyo. Uwargida ce ke zuba wa baƙi da hannun ta. Gaba da baya ake motsa cokali, ba tare da ya bugi kofi ba, sannan a kwantar da shi kan ɗan faranti. Ba a hurawa, ba a zuƙa da ƙara. A fara da siraran yankan burodi mai kokwamba, a ƙare da kek. Har gardama suke yi kan wanne za a fara zubawa, madara ko shayi. Wai talaka ne ke fara sa madara don kada zafi ya tsaga masa kofi mai araha. Ka ji masu lokaci!

Su kuwa leburorin masana'antu, nasu shayin na bayan tashi aiki ne, a kan dogon tebur, da burodi da ƙwai ko nama, don a ƙoshi. Mai karatu, wannan ai teburin mai shayi ne sak. Na leburan ne ya karɓe mu, ba na fada ba.

A ƙasar Zamfara, layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Kantunan kamfanonin da ke sayen gyaɗa da auduga su ke sayar da sukari da madarar gwangwani, akawu da kuku suka koyi haɗawa, kaya suka bi 'yan kasuwa zuwa Zurmi, Shinkafi da ƙauyuka irin su Katuru. Mai shayi ya ƙara nasa salon: ya ɗaga kofi sama yana tsiyayawa cikin wani har ya huce ya yi kumfa, abin da zai sa uwargidan Bedford ta suma.

Sai dai kalmar "shayi" daga Larabci ta zo. Ta Bature ita ce "ti". Domin akwai wata hanyar ta arewa: koren ganyen ƙasar Sin da ya shiga Maroko, ya ƙetaro Sahara tare da Buzaye. In ladabi ake nema, a nan namu yake, kuma abin mamaki da wuya ka ga furodusa ya sa shi a fim. 'Yar buta a kan gawayi, ƙananan kofunan gilashi, ba gaggawa. Mai dafawa shi ke ɗanɗanawa, a fara miƙa wa baƙo ko babba, a karɓa da hannun dama. Zagaye uku ake yi da ganye ɗaya: na farko ɗaci, na biyu sassauci, na uku zaƙi. Baƙon da ya miƙe kafin na uku, ya bar mai gida da tambayar me ya yi masa.