Faifan ƙura da ke haifar duniyoyi: yadda manya suka tare mana ganin ƙanana

1/ Daren jiya a Yashe babu wuta, sanyi ya fara shigowa. Na fito tsakar gida, sai ga Kaza da 'Ya'yanta ta taso daga gabas. Ƙasa da ita akwai wani tauraro ja-ja, Aldebaran. Dab da shi akwai wani da ido ba ya gani, sunansa HL Tau. Daga kansa labarin nan ya canza. Ku gyara zama, zaren da tsawo.

2/ Tun 1755 Bajamushe Immanuel Kant ya ce rana da duniyoyinta daga gajimaren ƙura da gas suka samu: ya dunƙule, yana juyawa, ya baje kamar faifai. Laplace na Faransa ya kawo irin wannan a 1796. Fiye da shekara 200 magana ce a takarda, ba wanda ya ga faifan da idonsa.

3/ A 1984 aka ɗauki hoton faifan ƙura a jikin tauraron Beta Pictoris, amma na ragowar tarkace ne. Sai a shekarun 1990 na'urar Hubble ta hango faya-fayan jariran taurari a Orion. Dishi-dishi dai, ba a ganin abin da ke ciki.

4/ Ga kuma wata matsala da ta hana masana barci. A 1977 Stuart Weidenschilling ya lissafa cewa dutsen da ya kai mita ɗaya, gas ɗin faifan zai riƙa rage masa gudu har ya gangara cikin tauraron a kamar shekara 100. To in kayan gini suna zurarewa haka, da me za a gina duniya?

5/ Nuwamba 2014. ALMA, tarin eriya 66 a hamadar Atacama ta ƙasar Chile, a tudu mai tsayin mita 5,000, ta saki hoton HL Tau. Haskensa sai ya yi tafiyar kusan shekara 450 kafin ya iso mu. Kun san faifan kaba da iyayenmu ke bakace da shi, mai zobba kala-kala? Wallahi haka yake. Zobe mai haske, giɓi baƙi, zobe, giɓi.

6/ Abin da ya girgiza su shi ne shekarunsa. Bai fi miliyan ɗaya ba, jariri ne a lissafin taurari. In duniyoyi ne suka share waɗannan giɓin, ashe ana fara ginin da wuri fiye da yadda littattafai suka ce.

7/ Giɓin kuma ya amsa tambayar 1977. Duniya mai nauyi in ta share hanyarta, gas yana taruwa a bakin giɓin, ƙurar da ke gangarowa ta maƙale a nan kamar yayi a bakin magudana. Zoben ke nan. Amma fa ba kowane giɓi ne duniya ba, wasu masana na danganta wasu da inda ƙanƙara ke daskarewa. Inda aka ga duniyar ƙuru-ƙuru a cikin giɓi shi ne PDS 70, a 2018, aka ƙara ganin ta biyu a 2019.

8/ A 2018 ɗin dai shirin DSHARP ya fito da hotunan faya-fayai 20, kusan duka da zobba. Intanet ta ɗauka. Nan ni nake da ƙorafi: manya masu haske aka zaɓa, don su suka fi sauƙin ɗauka. Kamar mutum ya shiga kara ya ɗauki hoton manyan bijimai kaɗai, ya dawo ya ce haka dabbobin garin suke.

9/ Feng Long da abokan aikinta suka duba 32 a yankin Taurus ba tare da tsince masu haske ba. 12 ne masu zobba ko giɓi. Sauran ƙanana ne, sumul a iya ganin na'urar.

10/ A 2025 wata tawaga daga jami'ar Leiden ta Holan ta fitar da sakamakon faya-fayai 73 na yankin Lupus. Kashi biyu cikin uku ƙanana ne. Mafi ƙanƙantar, daga tsakiyarsa zuwa baki bai kai nisan da ke tsakaninmu da rana ba. HL Tau kuwa ya zarce nisan Neptune nesa ba kusa ba.

11/ Fassarar da ta fi zama mini: ƙaramin faifai shi ne wanda bai samu ƙatuwar duniya ta tare ƙura a waje ba, sai duk ta gangaro ciki. A nan ake zaton duniyoyin dutse da suka ɗan fi tamu girma suke samuwa, irin da aka fi samu a jikin taurari. Wasu ƙananan ma da aka matsa sosai an ga giɓi a cikinsu, don haka "sumul" na iya zama gazawar na'ura ce kawai.

12/ Mu fa? A 2017 Thomas Kruijer da tawagarsa suka auna duwatsun da ke faɗowa daga sama, suka nuna dangi biyu ne da suka yi miliyoyin shekaru ba su cakuɗa ba. Abin da suka ce ya shiga tsakaninsu shi ne Jupiter, tun faifan ranarmu yana da kamar shekara miliyan ɗaya.