Ɓurɓushin roba: mene ne shi, ta ina yake shiga jiki, kuma yaya za a rage shi?

Ɓurɓushin roba shi ne duk wani guntun roba ko leda da girmansa bai kai milimita 5 ba. Wani ana iya ganinsa da ido, amma mafi yawansa sai da madubin ɗakin bincike. Roba ba ta ruɓewa kamar ganye ko takarda. Rana da zafi da gogayya ne ke farfasa ta sannu a hankali, har ta koma ƙura ta bi ruwa da iska da abinci.

Duniya na ƙera roba fiye da tan miliyan 400 a kowace shekara, kuma kusan kashi 9 cikin 100 na sharar ne kawai ake sake sarrafawa. Ban da leda da gorunan ruwa, tayoyin mota da ke cinyewa a kan kwalta da tufafin da aka saƙa da zaren roba suna cikin manyan tushen wannan ɓurɓushi.

Abin da bincike ya nuna

A 2022 masana a ƙasar Holan sun gano ɓurɓushin a jinin mutum 17 daga cikin 22 da suka gwada. A 2024 masu bincike a Amurka sun ƙiyasta cewa litar ruwan gora guda na ɗauke da ƙwayoyin roba kusan 240,000. A wannan shekarar kuma likitoci a Italiya suka bibiyi majinyata 257 da aka yi wa tiyatar jijiyar wuya, inda suka ga waɗanda aka samu roba a jijiyarsu sun fi sauran fuskantar bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa da fiye da ninki huɗu. Wannan binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa robar ce sanadi ba. Sai dai ya isa dalilin yin taka-tsantsan.

Matakan da ke hannun mutum

Babban abin kiyayewa shi ne haɗa roba da zafi, domin zafi na sa ta saki ɓurɓushi da sinadaran da ke jikinta. Don haka a guji zuba kunu, koko ko miya mai zafi a leda, a kuma daina dafa alala a cikinta, tunda ganye da gwangwani na yin aikin. A ajiye abinci a kwanon silba, tangaran ko gilashi. Kada a bar ruwan leda ko na gora ya wuni a rana. Inda ake da ruwa mai tsabta, a tafasa shi, a tace, a zuba a randa ko tulu. A riƙa goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, saboda ƙurar gida ma na ɗauke da zaren roba. Hura wuta da leda da ƙona shara a tsakar gida kuwa suna fitar da hayaƙi mai guba da ke cutar da huhu.

Abin da ya rataya a wuyan hukuma

Wanda famfonsa ya ƙafe ba shi da zaɓin da ya wuce ruwan leda, shi ya sa batun ya zarce ɗabi'ar ɗaiɗaikun mutane. Ruwanda ta haramta leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Nijeriya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba a 2020, yayin da Jihar Legas ta haramta mazuban abinci na roba mai kumfa a Janairun 2024. A matakin duniya, tattaunawar Majalisar Ɗinkin Duniya kan yarjejeniyar roba ta watse ba tare da matsaya ba a Busan a 2024, da kuma Geneva a 2025, musamman saboda saɓani kan rage yawan robar da ake ƙerawa.

Tambayoyin da ya dace matasa su yi wa wakilansu a bayyane suke: nawa aka ware wa ruwan famfo da kwashe shara a kasafin bana, nawa aka saki, kuma ina aikin yake?