Lulluɓin tauri

lulluɓin tauri (suna, namiji, fannin ƙarafa). Siririn rufi mai ƙarfin gaske da ake ɗora wa bakin kayan yanka ko huda ƙarfe don kada ya cinye da wuri. Kaurinsa bai cika wuce maikuromita 5 ba. Wani irinsa shi ne mai launin ruwan zinare da ake gani a bakin injin huda a shagunan Sabon Gari, haɗin taitaniyam da naitirojin, kodayake ba kowane mai ƙyalli ne na gaske ba.

Wanda ya fi wannan haɗin juriya shi ne TiAlN, mai duhu, da aka ƙara wa alminiyam. Ya fito wajajen 1986. Abin mamakinsa, zafi ƙara masa tauri yake yi. Idan bakin ya ɗau zafi kimanin digiri 800 zuwa 900 wajen aiki, haɗin kan rabu da kansa zuwa ƙananan yankuna, wasu taitaniyam ya yi rinjaye, wasu alminiyam. Da yake girman tsarin ƙwayoyinsu bai zo ɗaya ba, sai su matse juna, su tare hanyar zamewar da ke sa abu ya lotsa. Paul Mayrhofer da abokan aikinsa sun bayyana wannan a 2003. Amma da zafin ya haura digiri 1000, ɓangaren alminiyam yakan sauya siffa, taurin ya ragu.

*Misali:* Ɗalibin nazarin ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, ya ce wa wani maƙeri, "Baba, kada ka wasa gefen bakin injin hudar nan, za ka kankare lulluɓin taurin."